Ido na Biyu

Panyu, Guangzhou
Laraba da hantsi

Abban Nafisa,

Sallama gare ka a inda kake kwance. Ina fata ƙasar China ta yi maka sauƙi fiye da yadda take yi mini.

Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Ko kana da rai ma ban tabbata za ka karanta ba. Shekara ashirin da huɗu ina bar maka saƙo a kan tebur, ka sayo gishiri, ka kira yayarka, ka sha maganinka, in dawo in tarar ka kifa takardar ka zana ƙwayar cuta a bayanta. Wannan dai ba ka da hannun kifa ta. Za ka kwanta ka ji tun daga farko har ƙarshe, ba tare da ka ce mini ina zuwa, Sauda, minti ɗaya ba.

Yau kwanana saba'in da ɗaya cikin takaba. Daga ƙofar gidan nan zuwa baranda taku goma sha uku ne. In na bi ta kicin, goma sha tara. Na wanke labule sau biyu. Na karanta duk littafin da ke gidan, har na Italiyancin da nake bi da ƙamus kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ina zama, in tashi, in sake zama. Daga hawa na goma sha huɗu ina kallon mutane suna ɓulɓulowa daga ramin metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, kowa da inda za shi, ni kaɗai ce a garin nan aka ce in zauna.

Labarin gida kuwa, Nafisa tana lafiya a Zariya, ta koma karatu. Duk Lahadi take kira, ta yi mini muryar wadda ba ta yi kuka ba, ni ma in yi mata irinta. Mun ƙware mu biyun. Tumatirinka na baranda ya mutu. Ban kashe shi da gangan ba, amma ban yi masa kuka ba. Yayarka ta aiko da wasiƙa daga ƙauyenku, shafi huɗu, da busasshen fure a ciki. Ta ce an kaɗa maka ƙararrawa a cocin garin. Ban faɗa wa kowa a nan ba, kuma za ka gane dalili in na kai wurin. Tsohuwar nan 'yar China mai ƙofar da ke kallon tamu tana ajiye mini lemo a bakin ƙofa, ta ƙwanƙwasa ta gudu. Hajiya Balaraba kuwa, matar mai kamfanin tura kaya, tana zuwa Litinin da Alhamis da kwanon tuwo. Tuwon yana da daɗi. Idonta ne yake zagaye ɗaki, ya ga ko na sa kwalli, ko takalmina ya motsa daga inda ta bar shi.

Na kuma sami tabarka. Bayan manyan littattafan cutar huhu ka ɓoye ta. Bayan littattafan huhu, Likita! Duk zamana da kai ina jiran ranar da abin da kake leƙawa a madubin duba ƙwayar cuta zai tashi ya kama ka. Shekarar da cutar numfashin nan ta rufe garin, kowa ya ɗaure fuska, kowane gida yana tafasa ruwan tsami har wari ya hana barci, kai kana fita kullum, ni ina tsaye a taga ina lissafa irin amsar da zan ba Nafisa. Ka dawo lafiya. Kwalara ba ta taɓa ka ba, tarin fuka ya ƙyale ka. Sai zuciya, a matakalar metro, da rana tsaka, da jaka a kafaɗa. Kai da ka san sunan kowane abu mai kisa da ido ba ya gani, wanda ake sayarwa a kwali ne ya gagare ka?

Kada ka ɗauka ban sani ba. Ina jin warinta a ƙarƙashin alewar na'a-na'ar da kake tsotsa. Na yi shiru don ina ganin mutumin da yake yini a kan majinar jama'a ya cancanci sirri guda. Da alama na iya shiru a inda bai kamata ba, kuma abin da ya zaunar da ni rubutu ke nan, ba tabar ba.

Jakar da ka faɗi da ita, asibiti sun miƙo mini ita a leda. Na cusa ta ƙarƙashin gado, wata biyu ban taɓa ta ba. Kwana tara da suka wuce na buɗe. Akwai tabarau, da hular sallarka, da ƙananan kofunan roba masu murfi, da kundinka, da akwatin katakon nan da kake jera gilasan gwaji a ciki. Gilashi ɗaya ne a akwatin. A shafin ƙarshe na kundin ka rubuta lambarsa, ka rubuta Ma'azu, Maraɗi, ka yi alamar tarawa guda uku, wadda ni da kai muka san tana nufin cutar ta cika. A gefe, inda nake sa hannu, babu komai. Gida kake kawo mini shi.

Bari in tuna maka yadda muka faro, don ka ga irin abin da ka bar mini a hannu.

Ina da shekara ashirin da ɗaya ka zo asibitin garinmu a ƙasar Katsina, siriri, hanci ya ƙone da rana, da Hausar da ka koya a littafi, kana gaida masu shara kamar manyan fada. Ni wankin gilashi aka ɗauke ni yi a ɗakin gwaji. Wata rana ka gama duba majinar wata mata, ka ce babu komai, ka tafi cin abinci. Kafin in wanke gilashin sai na ɗora shi a madubi, don ina son in ga abin da kuke gani har kuke wannan ɗaga kai. Can a gefe, inda ba ka kai ba, sai ga su: 'yan sanduna jajaye, sirara, a kan shuɗi. Ban san sunansu ba, na dai san ba su yi kama da sauran ba. Da ka dawo na faɗa maka, ina jiran kora. Ka duba, fuskarka ta yi ja kamar su, ka ce daga yau babu amsar da za ta fita ɗakin nan sai ido biyu sun gan ta. Ƙa'idarka ta farko ke nan. Ni ce ido na biyu, kafin aure da bayansa.

Ta biyun sai da muka yi aure ka gaya mini tushenta. Kana ɗan shekara bakwai a ƙauyenku na kan dutse mahaifiyarka ta fara tari. Likita ya zo, ya ja mahaifinka waje, suka yi magana a gindin inabi. Ita ba a gaya mata ba. Ta ci gaba da kwana da ku a ɗaki ɗaya, taga a rufe saboda sanyi, tana rungume da ƙanenka, har shi ya riga ta tafiya. Ka ce abin da ka fi tunawa shi ne hayaƙin katifarta da aka ƙona a tsakar gida. Shi ya sa ba ka taɓa shiga ɗaki ba ka buɗe taga ba, ko a gidan surukai. Shi ya sa kuma ka ce duk wanda ya ba ka abin jikinsa, jini ko majina, amsarsa tasa ce: a kai masa ita gaba da gaba, ba ta bakin wani ba, ba a takarda ba, kuma ba gobe ba.

Da waɗannan biyun ka yi duk abin da ka yi. Shekarar amai da gudawa, gari ya ce rijiyar tsakiyar unguwa ce, har an fara maganar cike ta. Ka bi gida gida da kwalabe, ni ina biye da kai ina ba matan gida haƙuri, ka nuna rijiyar tsaf take. A randa abin yake, ta moɗar da kowa ke tsomawa har da yatsunsa, ya sha ya ajiye a ƙasa. Ka sa maƙeri ya ƙera ludayi mai dogon hannu, a rataye shi a ƙusa. Har yau a unguwarmu ludayin Bature ake ce masa. Ka yi wata da watanni a rugage har ka haɗa kumburin wuyan yara da madarar da ba a tafasa ba, masu tallar nono suka yi wata guda suna juya baya in motarka ta wuce. In an yabe ka sai ka ce ba kai ka gano ƙwayoyin nan ba, wasu sun riga ka da shekaru, kai dai ka same su a gidan da suke haya. Takardun da ka rubuta a kansu kuwa, sunana yana can ƙasa, a wurin godiya, tsakanin direba da mai buga tafireta. Ban taɓa yi maka maganar ba. Ga shi na yi.

Da jami'ar nan ta kira ka kan ƙwayoyin tarin fukan da suka koyi gagarar magani, na ce to, a China dai ba ka da jama'a, za ka zauna a ɗakin gwaji kamar kowane likita. Juma'ar farko ka dawo daga masallaci kana murna, ka ce garin cike yake da Hausawa, kuma uku daga cikinsu tarinsu bai yi maka ba. 'Yan kasuwarmu ba sa son asibitin nan. Wani bizarsa ta ƙare, wani yana tsoron a kwantar da shi kaya suna jira, wani kuma ya gaji da a yi masa magana da hannu kamar kurma. Sai ka koma yawo da kofunan roba a jaka. Ka san sunan da suka sa maka? Ka sani mana, har amsawa kake yi. Dakta Tofa-nan.

Alhaji Ma'azu ne kaɗai bai taɓa kiran ka da shi ba. Lokotoro yake ce maka, irin na mutanen Nijar. Ka san shi fiye da ni: dattijon nan mai sayen yadi da tufafin yara yana tura wa kasuwar Maraɗi, mai yini a hawa na uku na babbar kasuwar tufafi ta titin Guangyuan. Shi da wasu biyar suke kwana a gida ɗaya, tagogi a kulle, esi yana aiki. Ɗaya daga cikin biyar ɗin Sabo ne, mutumin Kano mai wandunan jins. Riƙe sunan nan, zan dawo gare shi.

Na ɗauko tsohon madubinka, wanda ka zo da shi daga Italiya, na kai shi taga. Ban ma nema ba. Wannan karon ba a gefe suke ba, ko'ina suke, jajaye, a cunkushe kamar 'yan metro da safe. Na ɗauki alƙalami na sa hannu a gurbina. Ido biyu sun gani. Sannan na rufe kundin, na yi kwana tara ban ce komai ba.

Kana tambaya me ya sa? To saurara, akwai abin da ba ka ji ba, domin lokacin kana kwance a ɗakin sanyi na asibiti. Da maza suka taru kan maganar jana'izarka, Sabo ya ce a dakata tukuna. Ya ce wa ya ga musuluntarsa? Ya ce Turawa sukan yi haka don mace. Shekara ashirin da shida kana sallah, Abban Nafisa, ka yi azumi a zafin Katsina har leɓenka ya tsage, mutumin da bai wuce sa'an ƙanena ba ya ce a dakata. Alhaji Ma'azu ne ya miƙe. Ya ce, “Shekara biyar kafaɗata tana gogar tasa a sahu. In shi ba Musulmi ba ne, to ni ma ku bincike ni.” Shi ya yi maka wanka, shi ya shiga gaba aka sallace ka, shi ya bi takardu har aka ba ka wuri a maƙabartar Musulmin garin. Balaraba ce ta kawo mini labarin, da tuwo, ba ta rage ko kalma ba.

Tun ranar na ɗaura niyyar zan yi maka takabar da ba a taɓa gani ba a garin nan. Ko bakin lifta ban je ba. Shara ma tsohuwar maƙwabciya ke sauke mini. Na kulle turare da kwalli a akwati. Na ɓoye wasiƙar yayarka da ƙararrawarta a cikin ƙamus. Ina so duk ranar da Balaraba ta koma ta ba da rahoto, Sabo ya rasa abin cewa. Takabata ita ce shaidar da suka nema a kanka, wadda ba su nema a kan kowa ba.

Na san hukuncin, kada ka fara. Na karanta littattafan fiƙihu fiye da Sabo, wanda ban tabbata ya gama na farko ba. Mai takaba tana fita da rana in lalura ta kama, ta dawo ta kwana a ɗakinta. Malamai sun sani, ni na sani. Bakin mutane ne bai je makaranta ba. Ranar da aka gan ni a titin Guangyuan, babu wanda zai tambayi lalura. Za su ce ai ga shi nan, matar Bature ce.

Kada ka ce ban gwada komai ba. Shekaranjiya na kira Alhaji Ma'azu a waya, na karya maka ƙa'ida da saninka. Yana cikin shago, ina jin hayaniya, ina jin Sabo yana ciniki a bayansa. Na ce Alhaji, tarin nan naka fa? Ya yi dariya har ta koma tari. Ya ce, “Hajiya, sanyin esi ne. Loban ɗinmu, mai shagon, ya mai da shago firiji.” Na ce ya zo gida akwai magana. Ya ce in na fita takaba in sha Allahu, ba ya son a ce wani abu a kaina. Ka ji? Mutuncina yake karewa. Ta yaya zan faɗa wa mutum irin wannan a waya, jama'a a kansa? In na aiki Balaraba kuwa, kafin la'asar an ji a unguwar Liwan, kafin magariba an ji a Yamai, babu mai sake zama kusa da shi, kuma ba daga bakin da ya kamata ya ji ba.

Sannan ya gaya mini abin da ya hana ni zama tun lokacin. Asabar zai tashi zuwa Maraɗi. 'Yarsa ta fari tana kan wata, jikansa na farko ke nan, ya ce so yake shi zai yi wa jaririn huɗuba. Har ya sayi 'yan safa. Ka hango abin da na hango? Zai ɗauki jariri ɗan kwana ɗaya, ya kai bakinsa kunnensa, ya yi masa kiran sallah a hankali, ya tofa masa addu'a. A ɗakin mai jego, da ƙofa a rufe, da garwashi. Da huhun nan da na gani.

Me ya sa ka bar mini wannan? Da ka yi saurin rana ɗaya fa? Da ka kira ni daga ɗakin gwaji ka ce Sauda, zo ki gani? Da ka bar tabar? Wata biyun da gilashin ya yi a ƙarƙashin gadona ban sani ba, Allah ya gani. Taran nan kuwa na sani. Kowace safiya mutum biyar suna tashi daga iskar ɗakin nan, ni ina nan ina auna taku daga ƙofa zuwa baranda, ina tsare maka suna. Yau da asuba na tuna mahaifinka a gindin inabi. Na tsane shi shekara da shekaru ban taɓa ganinsa ba. Yau na gane shi, kuma ban ji daɗin ganewar ba.

Gobe Alhamis, ranar tuwon Balaraba. Ban san abin da zan yi ba.

Ƙarya nake yi. Na riga na goge takalmi.

Alhamis, bayan la'asar

Na je.

Ƙafafuna sun manta da tafiya. Na sauka ramin metro ta matakalar nan taka, ban tsaya ba, ban kalli ƙasa ba. Na canza jirgi, na fito kusa da tashar jirgin ƙasa, na bi 'yan dako da ƙullin kaya har kasuwar. Hijabina mai ruwan toka, fuska babu komai, jakarka a kafaɗa. Tun daga hawa na biyu na fara jin gaisuwa tana mutuwa a bakin mutane.

Na sami Alhaji Ma'azu zaune a kan dila. Ya rame, Likita. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya gan ni ya miƙe har tef ɗin awo ya faɗi daga hannunsa. Ya ce, “Subhanallahi, Hajiya! Wa ya rasu?” Na ce babu wanda ya rasu, Alhaji, shi ya sa na zo.

Na ja shi kan matakala, inda akwai taga a buɗe, kowa yana ganinmu, babu mai jinmu. Na buɗe masa kundinka ya ga sunansa da rubutunka. Na faɗa masa yadda kake faɗa: sunan cutar da farko, ba kwana-kwana, sannan cewa tana warkewa, sannan abin da za a yi. Ya daɗe yana kallon shafin. Ya ce, “Lokotoro ya gani da idonsa?” Na ce ya gani, ni ma na gani, ga hannuna nan a gefe. Ya ce tun yaushe na sani?

Da na ce jiya, wa zai ƙaryata ni? Kai ne kaɗai, kuma kana ƙasa. Na ce yau kwana goma.

Ya juya yana kallon titi. Tari ya taso masa, ya cire hula ya rufe baki da ita. Da ya lafa ya ce, “To. Allah ya sa kwanakin nan ba su ci kowa ba.” Shi ke nan abin da ya ce. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Can ya ce, to wa zai yi wa yaron huɗuba? Na ce uban yaron yana da baki. Kai kuma in ka sha magani yadda aka ce, wata shida ba tsallake, kai za ka riƙe hannunsa ka kai shi makaranta. Ya ce Hajiya, ashe bakinki ya fi na Lokotoro kaifi. Na ce ai shi a littafi ya koyi Hausa. Zai ɗaga tafiyar. Gobe kafin sallar Juma'a zan kai shi wurin abokiyar aikinka, likitar nan mai gajeren gashi. Na kira ta daga tasha, ta ce in kawo shi, kuma ta yi kuka da ta ji muryata, abin da ban shirya masa ba.

Shi da kansa ya ce yaran ɗakin fa? Na buɗe jaka na nuna masa kofunan. Na ce amsarka taka ce, Alhaji, ni ba zan faɗa wa kowa ba, sai in ka so.

Muna dawowa mun tarar an taru a bakin shago, har da loban ɗin yana leƙe. Sabo ya jingina da tarin wandunansa, ya ce wa na kusa da shi, amma yadda duk hawan zai ji, “Ikon Allah. Takabar Turai ke nan, har da yawon kasuwa. Ai matar Bature ce.”

Na buɗe baki, Alhaji Ma'azu ya riga ni. Ya ce, “Sabo, tarin fuka gare ni. Lokotoro ya gani kafin ya rasu, Hajiya ta gani. Abin da ya fito da ita ke nan. Kuma katifarka ce take kusa da tawa.”

Na zaro kofi ɗaya, na cire murfin, na miƙa masa. Na ce ƙwarai matar Bature ce, Alhaji Sabo. Gobe da asuba, kafin ka ci komai, tofa nan.

Da hannu biyu ya karɓa.

Da na dawo na tarar da kwanon tuwon Balaraba a bakin ƙofa, lemon tsohuwa a kan murfin. Waya ta yi ƙara sau huɗu ban ɗauka ba. Yanzu haka an ji a Kano, kuma na san ba da lalurar labarin zai isa ba, da takalmin zai isa. Shaidar da na yi kwana saba'in ina gina maka, na rushe ta da tikitin metro. Na zauna ina jiran in ji zafin abin, sai na ji yunwa. Na cinye tuwon. Na kuma ciro wasiƙar yayarka daga ƙamus na ajiye a kan tebur, inda Balaraba za ta gan ta ranar Litinin. In ta tambaya zan fassara mata, har da ƙararrawar.

Kofuna biyar za su zo gobe. Likitar ta ce ita za ta fara dubawa, ta tambaya ko zan so in gani bayanta. Ashe ka gaya mata ni ce ido na biyu. Ita ka gaya wa, ba ka rubuta a takardunka ba! Na ce zan gani. Ina tsoron abin da zan gani, domin in akwai ja a cikinsu ba zan taɓa sanin ko na wata biyun ne ko na kwanakina ba. Wannan ba abin da madubi zai nuna mini ba ne.

Ranar jana'izarka mata suka kewaye ni suna cewa ki yafe masa, ki yafe masa. Na ce na yafe, don su matsa in sha iska. Yau nake faɗa da gaske. Na yafe maka gishirin da ba ka sayo ba, da sunana kusa da direba, da gilashin da ka bar mini. Tabar ce ban yafe ba tukuna. Ka ba ni zuwa ƙarshen takaba. Saura kwana hamsin da takwas, kuma yanzu da nake da aiki za su yi sauri. Kai ma ka yafe mini shirun da na yi a kan ƙa'idarka.

Allah ya ji ƙanka, ya haskaka makwancinka, ya sa ka huta da tarin mutane. In akwai taga a can, na san ka riga ka buɗe ta.

Taka har yanzu,
Saudatu, idonka na biyu